Rashin Taurari a Hoto Ba Hujjar Ƙarya Ba Ce

Da zarar hoton ɗan sama-jannati ya shigo waya, sai ka ji an ce, "Fim ne kawai Turawa suka shirya, babu wanda ya taɓa taka wata." Maganar ta yi kaurin da har wanda ya ƙaryata shi ake ɗauka mai buɗaɗɗen ido, wanda ya gaskata kuwa a ce an yi masa wayo. Ni a ganina wannan ba wayewa ba ce, lalaci ne na ƙin bincike.

Babbar hujjar masu ƙaryatawa ita ce, a hotunan saukar kumbon Apollo 11 a wata, sararin da ke bayan 'yan sama-jannati Neil Armstrong da Buzz Aldrin baƙi ƙirin ne, babu tauraro ko ɗaya. To, ka tsaya gaban teburin mai shayi da daddare, inda fitila ke haskawa, ka ɗauki hoto da wayarka. Ka duba ko taurari za su fito. A ranar 20 ga Yuli 1969 rana ce ke dukan doron watan da fararen kayan mutanen nan, an saita kyamara don ta ɗauki abu mai tsananin haske, shi ya sa ɗan hasken taurari ya ɓace. Tutar da aka kafa a wata, wadda suke cewa iska na kaɗawa kuwa, an sa mata sanda a kwance ta sama domin ta miƙe, saboda an san babu iska a can.

Sannan a tuna da Tarayyar Soviet. Ita ce ta riga Amurka harba tauraron ɗan'adam, wato Sputnik, a 1957, ta tura Yuri Gagarin sararin samaniya a 1961, kuma tana da na'urorin bin diddigin kumbon abokiyar gabarta. Da saukar Amurka a wata ƙarya ce, ita za ta fara tona asirin. Ba ta yi ba. Mutum goma sha biyu suka taka wata daga 1969 zuwa 1972, suka kawo duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Madubin da suka bari a can, har yau masana na harba masa haske daga duniya yana dawowa. Kumbon Indiya, Chandrayaan-2, shi ma ya ɗauko hoton inda Apollo 11 ya sauka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ma akwai hannunmu a wannan tarihi. A farkon shekarun 1960 Kano na da tashar da ke sauraron kumbunan Amurka idan sun ratsa ta saman Afirka. A 1985 Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya tafi sararin samaniya a kumbon Discovery. Shi ma fim ya yi?

Na yarda, yau kwamfuta na ƙirƙiro hotunan bogi, don haka taka-tsantsan wajibi ne. Amma taka-tsantsan bincike yake nufi, ba ƙaryata komai ba. Yaron da aka rena da cewa kimiyya yaudara ce, ba zai yi sha'awar zama injiniya ba.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kimanin kilomita 400 sama da mu, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, kuma ana ganinta da ido bayan magariba kamar tauraro mai tafiya. Iyaye da malamai, ku nemi lokacin wucewarta, ku fito da yara su gani da idonsu. Gani ya kori ji.