Girma da gwaninta

A shekara ta 2015 aka yi wani majigin zane a ƙasar Japon mai suna Hibike! Euphonium. Labarin ƙungiyar mabusa ne ta wata makaranta a garin Uji.

A kashi na 11, ƴan mata biyu suna takarar busa kakakin Turawa. Wadda ta ci, ita za ta busa ita kaɗai ranar gasa. Kaori tana ajin ƙarshe, ba ta da wata dama bayan wannan. Reina kuwa sabuwar shiga ce. Kowace ta busa gaban ƴan ƙungiya. Busar Kaori ta yi daɗi, amma ta Reina ta fi. Da malam ya tambayi Kaori ko za ta karɓi wurin, sai ta ce a ba Reina. Wata yarinya mai ƙaunar Kaori ta fashe da kuka.

Wani zai ce an tauye hakkin babba. Ba haka ba ne. Gasa ta ƙungiya duka ce, kuma alƙalai busa suke saurare, ba su tambayar shekaru. Kaori ta ji gaskiya da kunnenta, ta faɗe ta da bakinta, ko da yake da ɗaci. Girman babba ke nan.