Don Allah Ku Daina Ce Masu Mahaukata

Akwai wata kalma da ta ishe ni a bakin masu sharhi, har da wasu 'yan uwana marubuta. Da zarar an ji labarin wani ya kashe mutum saboda launin fatarsa ko addininsa ko yarensa, sai ka ji an ce, "Ai wannan mahaukaci ne." Shi ke nan an rufe babi, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Ni ban yarda ba, kuma waɗanda suka ƙare rayuwarsu wajen nazarin halayyar masu laifi ma ba su yarda ba.

Wasu malamai uku a Amurka, Jack McDevitt da Jack Levin da Susan Bennett, sun ɗauki fayil 169 na irin waɗannan laifuka daga hannun 'yan sandan birnin Boston, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da sakamako a 2002. Kashi 66 cikin ɗari, mai karatu, neman nishaɗi ne kawai ya fito da su. Samari ne, zaman banza ya ishe su, suka haɗu suka bar unguwarsu suka je neman wanda za su jibga don su sami abin yin taƙama a majalisa. Kashi 25 sun ce wai kare unguwa suke yi daga baƙi, kamar a ce baƙar fata ya tare a layin Turawa. Kashi 8 ramuwar gayya ce, kuma sau da yawa a kan jita-jita, ko an yi abin ko ba a yi ba. Wanda ya mai da ƙiyayya aikin rayuwarsa, irin mugun da muke zanawa a littattafanmu da jajayen idanu yana huci, bai kai kashi ɗaya ba.

To ina haukan yake? Mahaukaci ba ya zaɓe, wanda ya samu shi yake jifa. Waɗannan kuwa sun san wanda za su daka, sun kuma san wanda in an dake shi unguwa ba za ta damu ba. Wa ya koya masu? A hirar manya suka tsinta, a barkwancin da ake yi a gabansu ana dariya, a sunan wulaƙancin da ake kiran maƙwabci da shi. Icen da aka daɗe ana tarawa ne, su ashana kawai suka ƙyasta.

Na san za a kawo mini Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a Norway a 2011. Madalla. Likitocin ƙwaƙwalwa na farko sun ce yana da taɓin hankali, na biyu suka ce lafiyarsa lau, kuma a 2012 kotu ta yanke cewa da hankalinsa ya yi. Dylann Roof da ya harbe baƙaƙen fata 9 a coci a Charleston a 2015, sai da ya zauna da su kusan awa guda suna karatun littafinsu, shi ma kotu ta ce yana da hankalin da zai fuskanci shari'a. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, laifukan ƙin Musulmi da hukumar FBI ta ƙirga sun tashi daga 28 a 2000 zuwa 481 a 2001. Annobar hauka ce ta sauka a wata guda? Haba jama'a! Banda haka ma, wannan magana zalunci ce ga bayin Allah masu ciwon ƙwaƙwalwa na gaskiya, waɗanda ba su taɓa kowa ba amma ana jingina masu aikin masu lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken nan, a matsayina na mai rubuta labari, shi ne yadda suka rarraba mutanen cikin gungu. Akwai jagora, akwai ɗan rakiya, akwai wanda ransa ba ya so amma ya kasa buɗe baki, sai kuma ɗan ƙalilan mai cewa a bari. Mu marubuta jagoran kaɗai muke rubutawa, don ya fi sauƙi, kuma mai karatu ba zai ga kansa a cikinsa ba. Ɗan rakiyar nan fa? Yaron kirki ne mai gaida mutane, tsoron a ce masa rago ne ya sa shi bin sahu.

A watan Yuni 1998 a garin Jasper na jihar Texas, Turawa uku suka rage wa James Byrd hanya, baƙar fata mai shekara 49, suka ɗaure shi da sarƙa a bayan mota suka ja shi wajen kilomita 5 har ya mutu. Biyu daga cikinsu, John King da Lawrence Brewer, sanannun masu aƙidar fifita farar fata ne da suka haɗu a kurkuku, kuma an zartar masu da hukuncin kisa, Brewer a 2011, King a 2019. Na ukun, Shawn Berry, shi ne mai motar, ya ma san Byrd a gari, kuma shi yake tuƙi lokacin da aka ɗauke shi. Ɗaurin rai da rai aka yanke masa.