Zauren Kimiyya: Daidai Ruwa, Daidai Kifi

A wannan makon za mu amsa wata tambaya da ta zo mana ta fuskoki daban-daban daga ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wasu na son ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu ta ajiye tankin gilashi mai kifi a ɗakin gwaji. Wasu sun ga kifayen ado a bidiyon waya, sun fara tara kuɗin tara domin a sayo musu daga Kano ko Kaduna. Wasu kuma 'ya'yan tarwaɗa aka ba su, sun zuba a bokiti. Tambayar dai guda ce: wane girman tanki ne zai ishi kifin?

Amsarmu a taƙaice ita ce, kada ku auna tanki da kifin da ke hannunku yau. Ku auna shi da girman da kifin zai kai idan ya manyanta. Sauran bayanin duk a kan wannan ya ginu.

Ɗan kifin yau, ƙaton gobe

Mai sayar da kifin ado yakan kawo su ne suna ƙanana, ba su wuce tsawon yatsa ba, domin a lokacin sun fi sauƙin ɗauka. A nan ake yaudaruwa. Akwai wani kifi mai suna oska, asalinsa kogin Amazon a Kudancin Amurka. Ana sayar da shi yana ɗan mitsitsi, amma yakan kai santimita 30, wato tsawon rular da ke cikin jakarku, kuma yakan rayu fiye da shekara 10. Arowana mai launin azurfa, shi ma daga can yake, yakan kai santimita 90. Akwai wani ɗan'uwan tarwaɗa mai jan bindi da ke wuce mita ɗaya. Ko ɗan kifin zinaren nan da muke gani a cikin kwalba a finafinai, wanda mutanen Sin suka fara kiwatawa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, yakan wuce santimita 20 idan ya samu wuri.

Abin da zai ba ku mamaki, kifayen da suke baƙi masu tsada a wurin Turawa, wasunsu namu ne. Bargin da masuntanmu ke kamawa, a shagunan Turai da Amurka ana sayar da shi da sunan arowanan Afirka, kuma yakan kai mita ɗaya. Yauni yakan wuce mita ɗaya da rabi. Gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta yi barcin rani har damina ta dawo, ita ma takan kusa mita ɗaya. Giwan ruwa kuwa ba a magana: wanda ya ci gasar kamun kifi ta Argungu a 2020 nauyinsa kilo 78 ne. Duk waɗannan sun taɓa zama 'yan ƙanana da za su shiga kofin shayi.

Za ku ji ana cewa ai kifi daidai girman mazubinsa yake tsayawa. Gaskiyar ita ce, kifin da aka matse a ƙaramin wuri tsumburewa yake yi, kamar yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba. Girmansa zai tsaya, amma saboda wahala da gurɓataccen ruwa, kuma sau da yawa ciwo ke kashe shi tun kwanansa bai kai ba. Mun taso muna jin malamanmu na Islamiyya suna ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ta hana abinci. Dabbar da ka tsare, haƙƙinta ya hau wuyanka, ko da ba ta iya kuka ka ji.

Me ya sa yawan ruwa ke da muhimmanci?

Dalili na farko numfashi ne. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ba ta da yawa. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, lita ɗaya ta ruwa ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 9. Idan zafi ya kai digiri 30, sai ta sauka zuwa wajen 7 da rabi. Ga shi kuma a lokacin zafi ne jikin kifi ya fi buƙatar iskar. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin bazara, za ku ga kifin ƙaramin tanki ya taso sama yana hangame baki. Tarwaɗa da gaiwa da bargi suna iya shaƙar iskar sarari, don haka sun fi juriya, amma juriya daban take da lafiya.

Dalili na biyu ƙazanta ce. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawa ta cikin dabbarsa, wato gurbin numfashin da ke gefen kansa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe tana ƙarawa. Amoniya guba ce. A tankin da ya zauna daidai, wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin tsakuwa da matacin ruwa suna juya ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret wanda bai kai su illa ba. Waɗannan bakteriya sukan ɗauki makonni kafin su yawaita. Ku kwatanta cokalin gishiri a kofi da cokalin gishiri a randa. Haka ƙazantar babban kifi take a ƙaramin tanki da babba.

Dalili na uku yanayinmu ne. Da hunturu, a Disamba da Janairu, rana takan yi ɗumi, asuba kuma ta yi sanyi mai ratsa ƙashi. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin hucewa, shi ya sa shayin kofi ke rigan na tukunya sanyi. Kifayen Amazon sun saba da ruwa mai ɗumi da ba ya yawan canzawa. A ƙaramin tanki, daren hunturu ɗaya yana iya jikkata su.

Ku ɗauko tef ɗin awo

Yanzu ga inda darasin lissafinku zai yi amfani. Ku auna tsawo da faɗi da zurfin tanki da santimita, ku ninka su, ku raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yawan lita. Domin ku gani a ido, ku sake rabawa da 25, ku samu adadin jarkar 'yan ga-ruwa.

Masu kiwon kifin ado suna da wani ma'auni na yau da kullum da ke taimaka wa sabon shiga: tsawon tanki ya kai aƙalla ninki huɗu na tsawon kifin idan ya girma, faɗinsa kuma ninki ɗaya da rabi, domin kifin ya iya juyawa ba tare da ya lanƙwashe jikinsa ba. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma na kifi ɗaya.

Mu gwada da oska mai santimita 30. Tsawo 120, faɗi 45, mu ba shi zurfin 50. Idan kun ninka za ku samu 270,000, wato lita 270, kusan jarka 11. Yanzu mu gwada arowana mai santimita 90. Tsawo 360, faɗi 135, zurfi 60. Wannan lita 2,916 ke nan, kusan jarka 117. Yauni mai santimita 150 kuwa yana son tanki mai tsawon mita 6, wanda ya fi ɗakunan kwana da yawa tsawo. Kun ga tun a takarda wasu kifayen sun fita daga lissafinmu.

Ku lura da siffar tanki ma. Ga tankuna biyu, kowanne lita 120. Na farko tsawonsa 100, faɗi 40, zurfi 30. Na biyu tsawonsa 50, faɗi 40, zurfi 60. Ruwansu ɗaya, amma fuskar ruwan na farko ta ninka ta na biyu, kuma ta fuskar ruwa iska ke shiga. Don haka tanki mai shimfiɗa ya fi mai zurfi. Ƙari a kan haka, iya zurfin ruwa iya ƙarfin da yake danna gilashi, sai an nemi gilashi mai kauri, mai tsada. Kwalba mai ƙaramin baki ita ce mafi muni duka.

Lissafin da ake mantawa

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tankin oska mai lita 270, idan aka haɗa da nauyin gilashi da tsakuwa, zai wuce kilo 300, wato buhun siminti 6. Teburin aji ba zai ɗauka ba. Sai an gina masa dakali ko an ƙera ƙafar ƙarfe a wurin mai walda, a kuma tabbatar ta zauna daram, domin tankin da ya karkace yana iya tsagewa. Idan akwai ƙananan yara a gida, wannan maganar tsaron lafiyarsu ce.

Sai kuma canjin ruwa. Akan zubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a maye da sabo. A tankin oska, kusan jarka 3 ke nan a mako, jarka 140 a shekara. A tankin arowana kuwa jarka 29 ne duk mako. Ku tambayi kanku, a tsakiyar rani, lokacin da rijiyoyi suka ja baya ana layi a bakin famfon burtsatse, wa zai ɗebo wannan ruwan? Umma za ta yarda a ba kifi ruwan da ba a gama girki da wanki da shi ba? Idan ruwan famfo ne mai sinadarin kulorin, sai an bar shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin a zuba.

Ga batun wuta. Babban kifi yana buƙatar injin hura iska da matacin ruwa su yi ta aiki dare da rana. Mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Idan babu sola ko batir, to a rage yawan kifi, a ƙara yawan ruwa. Idan na makaranta ne, a yanke tun farko wanda zai kula da shi lokacin dogon hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, me za mu ajiye?

Ba muna kashe muku gwiwa ba ne. Tanki mai tsawon 60, faɗi 30, zurfi 30 yana cin lita 54, jarka biyu da 'yan kai. Zai riƙe 'yan ƙananan kifaye irin su gofi, waɗanda ba su wuce santimita 6, ga launi mai kyau, ga cin tsutsar sauro. Da su za ku koyi duk abin da muka lissafa a sama ba tare da asara mai yawa ba.

Masu 'ya'yan tarwaɗa kuwa, ku sani bokiti masauki ne na kwana biyu. Tarwaɗar da ke samun abinci sosai tana iya kai kilo ɗaya cikin wata shida ko makamancin haka, kuma manya suna cinye ƙanana idan aka haɗa su. Wurinta babban tankin roba, ko tafkin tamfol, ko na siminti, a rufe shi da raga domin tana tsalle. Ruwan da kuka zubar kada ya tafi banza, taki ne ga alayyafo da tumatir a bayan gida. Ƙarfasa ma tana yi, sai dai tana da saurin haihuwa, tanki yakan cika ba a ankara ba.

Abu ɗaya da muke roƙonku: idan baƙon kifi ya fi ƙarfin tankinku, kada ku kai shi dam ɗin Mairuwa ko na Zobe ko wani rafi ku saki. Ku mayar wa mai sayarwa, ko ku ba wanda ke da wuri. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka, inda da babu shi. Ya yawaita, ya far wa ƙananan kifayen tafkin, kuma masana sun ɗora masa babban kaso na alhakin ɓacewar nau'o'i kimanin 200. A kogunanmu ɗan gida ne, a can ya zama annoba. Baƙon kifi ma yana iya yi wa masuntanmu irin wannan ɓarna.

Wanda wannan fanni ya burge shi, akwai gaba a cikinsa. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, a nan jiharmu, tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, Jihar Neja. Ku riƙe bayoloji da kimistiri da lissafi da kyau.

Aikin mako

Wani tanki tsawonsa santimita 80, faɗinsa 40, zurfinsa 45. Lita nawa yake ci? Jarka nawa ke nan? Bisa ma'aunin ninki huɗu da ninki ɗaya da rabi, mene ne tsawon kifi mafi girma da ya dace a ajiye a cikinsa? Ku turo amsarku ta hannun editan wannan shafi, da sunan makarantarku da ajinku. Za mu kawo amsar da sunayen waɗanda suka dace a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau, a gaida malamai.