Bayan Sallama Daga Asibiti, Wa Zai Riƙe Mara Lafiya?

A Katsina, ranar da likita ya sallami wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, murna ake yi, kuma ta cancanta. Sai dai a ranar ce jinyar gaske take farawa. Mutum ya fito da ransa, amma hannu ba ya ɗaguwa, ƙafa tana ja, magana tana sarƙewa. Nan take shawarwari za su yi yawa: wannan ya ce a kai shi wurin mai ɗori, wancan ya ce akwai wani asibitin kuɗi mai kyau, wata ta ce a bar shi a gida, Allah zai kawo sauƙi.

Ra'ayina shi ne a zaɓi wurin jinya da gashi bisa ga hannun da zai taɓa mara lafiya kullum. Fenti da tayil da na'urar sanyaya ɗaki su zo daga baya. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa mafi yawan ƙarfin da zai dawo wa mai shanyewar jiki yana dawowa ne a cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Duk makon da ya wuce ba motsa gaɓoɓi, jijiya tana ƙara ƙagewa, kuma ba a cika rama shi ba.

Saboda haka kafin a bar asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko Babban Asibitin Katsina, ko na Janar Amadi Rimi, a nemi ganin masu gashi, a karɓi ranar dawowa a rubuce. Idan kuma wuri mai zaman kansa za a kai shi, a tambaya ba kunya: mai gashin yana da lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashi rajista? Nas nawa ke kwana, kuma suna da rajista da majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma? Wa ke auna hawan jini da suga? Idan jiki ya rikice da tsakar dare, ina za a nufa, a wace mota?

Sannan a yi amfani da ido. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ana so a juya shi kusan kowace awa 2. A ɗaga zani a dubi ƙugu da ɗuwawu da diddige. Idan fata ta sauya launi ko ta yi zafi, gyambon kwanciya ne ke tafe, kuma shi ke cinye kuɗi da ƙarfin mara lafiya. A tsaya a ga yadda ake ba shi kunu: a zaune yake, cokali ɗaya bayan ɗaya, ko a kwance ake ɗura masa yana tari? Kunun da ya bi hanyar iska yakan jawo ciwon huhu.

Akwai ma'auni guda da bai kamata Bakatsine ya manta ba. A watan Oktoban 2019 jami'an tsaro sun buɗe gidajen mari a Daura da cikin birnin Katsina, aka fito da mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da niyyar gyara, suka amince, ba su riƙa leƙawa ciki ba. Duk wurin da zai hana ka ganin ɗan'uwanka sai da sanarwa, ɗauke shi daga can.

Na san yawancinmu a gida za mu yi jinya, don kuɗin kwanciya na watanni ya fi ƙarfin talaka, kuma al'adarmu ba ta yarda a yi nesa da iyaye ba. To, a bar ɗora nauyin a kan mace ɗaya. A raba kwanaki tsakanin 'ya'ya maza da mata, a tura mutum biyu su koyi motsa gaɓoɓi daga mai gashi.

Gwamnatin jiha kuwa, lokaci ya yi da za ta sa masu gashi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ta kuma riƙa duba wuraren jinya masu zaman kansu ba tare da sanarwa ba. Bai dace mutumin Jibiya ko Kaita ya daina gashi a mako na 3 don kuɗin mota ya ƙare ba.