Cinikin Mookie Betts: abin da alƙaluma suka faɗa da abin da aka jingina musu

A watan Fabrairun 2020, ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox a Amurka ta miƙa gwarzon ɗan wasanta Mookie Betts ga Los Angeles Dodgers. Ta haɗa da mai jifa David Price da kusan rabin dala miliyan 96 da suka rage a kwantiraginsa, ta karɓi matasa uku: Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Tun daga lokacin, duk wanda yake son sukar masu tafiyar da wasanni da lissafi, wannan cinikin yake fara kawowa misali, wai 'yan kwamfuta sun sayar da zinariya sun karɓi tagulla.

Cinikin ya yi muni, a kan wannan ba ni da ja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora laifin a kan alƙaluma. Alƙaluma sun faɗi darajar Betts ɓaro-ɓaro. Masu ƙungiya ne suka ga ba za su biya ba, sannan aka ari bakin lissafi aka ci musu albasa. Batun ya shafi mai kallon ƙwallon ƙafa ma, domin John Henry, jagoran kamfanin da ya mallaki Red Sox, shi ne dai jagoran masu Liverpool tun 2010.

Yadda ake auna ɗan wasa

A besbol, mai jifa yana jefo ƙwallo, mai duka yana ƙoƙarin buga ta da gora ya zagaye tashoshi huɗu domin ya ci maki. Kowace arangama tsakanin mutum biyu take, kuma ana rubuta sakamakonta. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowace tana buga wasa 162 a kaka, ɗan wasa na dindindin kuwa yakan fuskanci mai jifa fiye da sau 600. Saboda wannan yawan ne besbol ya fi kusan kowane wasa karɓar lissafi: idan aka maimaita abu sau ɗaruruwa, sa'a da rashin sa'a suna cinye juna, iyawa ta fito fili.

Bill James ya fara wallafa nazarinsa a 1977, yana nuna cewa tsofaffin ma'aunai suna yaudara. Littafin Moneyball na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003, ya yayata yadda Oakland Athletics ta ci wasa 103 a 2002 da ɗan ƙaramin kasafi. Ma'aunin da ya fi tashe a yau shi ne WAR. Tambayar da yake amsawa ita ce: wasa nawa ƙungiya ta ci saboda wannan ɗan wasan, fiye da abin da za ta ci da a ce ta sa ɗan cike gurbi, irin wanda ake ɗaukowa daga ƙaramar gasa a kan albashi mafi ƙanƙanta? Ana tara gudummawarsa wajen duka da gudu da tsaron fili a mayar da ita maki, kuma kimanin maki 10 ne ke zama nasara ɗaya. Ƙungiyar da duk 'yan cike gurbi ne za ta ci wasa kusan 48 cikin 162. Matsakaicin ɗan wasa yakan kawo 2, fitacce 5, wanda ya kai 8 kuwa ana maganar gwarzon shekara.

A 2018 Betts ya haura 10. Ya yi duka mai kyau sau 346 a kowane dubu, ya fitar da ƙwallo daga fili sau 32, ya saci tasha sau 30, aka zaɓe shi gwarzon ɓangarensu na gasar. Red Sox ta ci wasa 108, ta kuma ɗauki kofin World Series bayan ta doke Dodgers ɗin nan. WAR yana da rauninsa, musamman wajen auna tsaron fili, kuma manyan shafukan da ke lissafa shi, Baseball-Reference da FanGraphs, sukan ɗan saɓa da juna. A kan Betts dai bakinsu ɗaya. Tsohon ma'auni da sabo da idon mai kallo duk sun nuna yana cikin 'yan wasa biyu ko uku da suka fi kowa a lokacin.

Hujjar masu sayarwa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Shekara ɗaya ta rage wa Betts kafin ya sami 'yancin zuwa inda ya ga dama, albashinsa na 2020 kuma dala miliyan 27 ne. Idan ya tafi a ƙarshen kaka, kusan hannu rabbana za a bar Boston. Yana da shekara 27, kuma nazari ya daɗe da nuna cewa 'yan wasa sukan fara ja da baya idan sun doshi 30, ga shi doguwar yarjejeniya za ta kai shi kusa da 40. A gefe guda, matashin da bai cika shekara shida a babbar gasa ba yana hannun ƙungiyarsa a kan albashi mai rahusa. Da wannan tunanin Tampa Bay Rays take gogayya da manya, kuma daga can aka ɗauko Chaim Bloom a Oktoban 2019 domin ya jagoranci harkar 'yan wasa a Boston.

Sai dai Rays talaka ce, dole ce ta sa take sayar da taurarinta. Boston na cikin ƙungiyoyin da suka fi kuɗin shiga. Abin da ya dame ta shi ne harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya wuce ƙa'ida, wadda a 2020 aka tsayar a dala miliyan 208. Harajin yana hawa daga kashi 20 zuwa 30 zuwa 50 cikin ɗari na abin da aka haura idan ana maimaitawa, kuma yana komawa farko idan ƙungiya ta sauko ƙasa da layin na shekara ɗaya. Boston ta biya a 2018 da 2019. Haɗa Price cikin cinikin shi ya tona asirin manufar: wanda yake neman matasa mafi kyau ba zai ɗora wa mai saye nauyin tsohon kwantiragi ba, domin hakan rage abin da za a ba shi zai yi.

Akwai kuma wani abu da lissafin kansa ya nuna, wanda aka kau da kai daga gare shi. Mutum tara ne ke shiga fili a lokaci guda. Ɗan wasa ɗaya mai nasara 8 ya fi huɗu masu bibbiyu amfani, domin gurbi ɗaya ya tare, sauran ukun ana iya cike su da wasu. Dodgers, wadda shugaban harkar wasanta Andrew Friedman shi ma daga Rays ya fito, alƙaluma iri ɗaya ta duba, ta ba Betts kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 365 a watan Yulin 2020. Makaranta ɗaya suka yi, aljihun da aka buɗe wa kowa ne ya bambanta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Betts ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara a 2020 da 2023. Boston ta rabu da Downs a ƙarshen 2022, ta miƙa Verdugo ga New York Yankees a Disambar 2023. Ta ƙare a ƙasan rukuninta a 2020 da 2022 da 2023, ko da yake ta taɓuka a 2021. An sallami Bloom a Satumbar 2023. Kuɗin ma ba a fasa kashewa ba: dala miliyan 140 ga Trevor Story, miliyan 90 ga Masataka Yoshida, sama da miliyan 300 ga Rafael Devers.

Kofi ba shi ne alƙali ba

Da yawa sukan rufe mahawarar da cewa Dodgers ta ci kofi a 2020 da 2024 da 2025. Wannan hujja tana da daɗin faɗa, amma ba na son dogara da ita, domin a wasannin Oktoba alƙaluma ba sa yin alkawari.

Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen fitar da gwani, kuma a wani mataki wanda ya fara cin uku cikin biyar shi ke wucewa. Mu ɗauka ƙungiya tana da damar kashi 55 cikin ɗari na cin kowane wasa. Damarta ta cin uku kafin abokiyar karawarta kashi 59 ce kacal. Ko an ɗaga ta zuwa 60 a kowane wasa, wanda babban rinjaye ne tsakanin ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi, damar ba ta wuce 68 ba. Wadda ke da kashi 60 a kowane zagaye, idan zagaye uku ke gabanta, damarta ta ɗaga kofi ba ta kai kashi 22 ba.

Dodgers ɗin da kanta shaida ce. A 2022 ta ci wasa 111, San Diego Padres mai 89 ta fitar da ita. A 2023 ta ci 100, Arizona Diamondbacks mai 84 ta doke ta uku ba ko ɗaya, kuma Betts ya tsaya duka sau 11 bai yi nasara ko sau ɗaya ba. Wanda ya auna shi da waɗannan 11 ya manta da ɗaruruwan da suka gabace su a kakar da ya fitar da ƙwallo sau 39. Oakland ta 2002 ma a zagayen farko Minnesota Twins ta kore ta, St. Louis Cardinals kuwa ta ɗauki kofi a 2006 da nasara 83 kawai. Da Dodgers ba ta ci ko kofi ɗaya ba, cinikin zai ci gaba da zama riba gare ta, domin ana auna shawara ne da abin da aka sani ranar da aka yanke ta.

Saboda haka idan shugaban ƙungiya, a besbol ko a ƙwallon ƙafa, ya ce nazari ne ya sa aka rabu da tauraro, ya dace a raba masa tambayar gida uku. Nawa ɗan wasan yake ƙarawa a kaka? Wannan alƙaluma suna amsawa da ƙarfi. Me zai yi nan da shekara biyar, ko a wasa biyar na Oktoba? Nan kirdado kawai suke iya bayarwa. Shin mai ƙungiya yana son biya? Wannan ba ta lissafi ba ce, kuma shi ya kamata ya fito ya amsa ta da bakinsa. John Henry ne ya ɗauki Bill James aiki a 2002, ƙungiyarsa ta kawo ƙarshen jiran shekara 86 ba kofi a 2004. Ya fi kowa sanin abin da WAR 10 yake nufi a ranar da ya amince Betts ya tafi.