Hutun Bakin Teku: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, sai ma'aikacin banki da likita da babban jami'in gwamnati su shiga neman ɗaki a otal na bakin teku, a Dubai ko Zanzibar ko Lekki. Kowa na da ikon kashe kuɗinsa inda ya so, amma al'adar da ake bi ido rufe ta cancanci a tambayi asalinta.

Hutun bakin teku ɗan yanayin Turai ne. A ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya riƙa kwasar ma'aikatan masaƙun Ingila zuwa Blackpool, a 1936 kuma Faransa ta kafa dokar hutun mako biyu da albashi. Mutanen da suka shafe watanni cikin sanyi da duhu suna da dalilin rububin rana a watan Agusta. Bahaushe bai taɓa rasa rana ba. Agusta a ƙasar Daura tsakiyar damina ce, lokacin da daji ya yi kore, iska ta yi sanyi. A wannan watan ne mutum zai bar Katsina ya tafi Dubai, inda zafi ke wuce digiri 40, ya wuni a ɗaki ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, yana hangen teku ta taga. Wanda ya nufi Zanzibar kuwa zai tarar Turawa sun cika otal, farashi ya kai ƙololuwa, kuma da dala ake biya, dalar da ta tashi daga kimanin naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ko martabar da ake nema ba ta tabbata ba: Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta janye ba sai 2024.

Abin takaicin yana gida. Daura na da Rijiyar Kusugu, tushen tarihin Bayajida da Daurama, tana da fadar Sarki Umar Faruk Umar, tana da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, da hawan Sallah. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, shaida ce cewa abin da ake rainawa a gida yana da daraja a waje. Daga Daura hanya ta bi ta Ɓaure zuwa Babban Mutum, ta tsallaka iyaka zuwa Magarya da Damagaram, babban birnin Nijar har 1926. Wannan hanya ce da iyali za su yi kwana uku a kanta yara su dawo da ilmi. Amma baƙon da ya zo Gani yawanci gidan dangi yake sauka, ko ya koma Katsina, kimanin kilomita 80, kafin dare. Baƙon da bai kwana ba, bai ci abinci ba, bai sayi tabarma ko fata ba, ya bar wa gari ƙura kawai.

Za a ce tsaro, za a ce an sha rufe iyaka, a 2019 da kuma 2023. Duka gaskiya ne. Sai dai masu wannan uzuri su ne masu tsara kasafi, masu ba da rance, masu jarin da zai gina masauki mai ruwa da wuta da tsafta. Mai otal ba ya gini inda ba ya tsammanin baƙi, kuma baƙin da suka fi ƙarfin aljihu su ne suka fara gudu.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura zai bi. Jirgin ƙasa ne ya raya Blackpool domin ya tarar da masu masauki a shirye. Idan ya iso Daura bai tarar da kowa ba, fasinja zai leƙa ta taga ya wuce, 'ya'yan masarautar kuwa za su ci gaba da sanin sunayen tsibiran Dubai fiye da sunan rijiyar da tarihinsu ya faro.