Gwajin korona a gida ta kiran bidiyo domin tafiya a jirgin sama

Gwajin korona a gida ta kiran bidiyo wani tsari ne da matafiyi ke gwada kansa da kansa a inda yake, yayin da wani ma'aikaci da aka horar yake kallonsa kai tsaye ta kyamarar waya ko kwamfuta, daga nan a ba shi takardar sakamako da zai nuna wa kamfanin jirgi. Tsarin ya yi tashe tsakanin 2021 da 2022, lokacin da ƙasashe da yawa suka hana fasinja hawa jirgi sai da shaidar cewa ba ya ɗauke da cutar COVID-19. Amurka ce ta fi ba shi gurbi a doka. Najeriya ba ta karɓe shi ga masu shigowa ƙasar ba, Saudiyya ma ba ta karɓe shi ga maniyyata ba. Shi ya sa matafiya daga wurare irin su Katuru, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda a arewacin Jihar Zamfara kusan ba su ci moriyarsa ba, duk da cewa suna cikin waɗanda nisan ɗakin gwaje-gwaje ya fi wahalarwa.

Asali

A ranar 26 ga Janairu 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta fara tilasta wa duk mai shiga ƙasar ta jirgin sama ya gabatar da sakamakon gwajin da aka yi cikin kwana uku kafin tashi. A watan Mayun shekarar hukumar ta bayyana cewa za a karɓi gwajin da mutum ya yi da hannunsa, amma da sharuɗɗa. Dole kayan gwajin su kasance masu izinin gaggawa daga hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Dole kuma wani ma'aikaci daga kamfanin da ke da alaƙa da masu ƙera kayan ya sa ido a daidai lokacin, ya tabbatar da ko wane ne mutumin, ya ga yadda aka ɗauki samfurin, ya ga sakamakon, sannan ya fitar da rahoto.

Wanda ya fi shahara shi ne BinaxNOW na kamfanin Abbott, wanda kamfanin eMed ya riƙa sa wa ido. A lokacin an riƙa sayar da fakiti mai guda shida a kan dala 150. An kuma yi amfani da na kamfanin Ellume. Bayan ɓullar nau'in Omicron, Amurka ta rage wa'adin zuwa kwana ɗaya tak daga 6 ga Disamba 2021, abin da ya ƙara wa wannan gwaji kasuwa, domin ba kowane ɗakin gwaje-gwaje ne ke iya ba da sakamako cikin awa 24 ba. Kanada ta bi sahu a ƙarshen Fabrairu 2022.

Yadda ake yi

Matafiyi ba ya buɗe kwalin sai an haɗa shi da mai sa ido. Zai nuna fasfo ko wata shaida a gaban kyamara, ya nuna lambar da ke jikin kwalin, sannan ya zura tsinken auduga a hancinsa, ya sa shi cikin katin gwajin da aka ɗiga wa ruwan magani. Bayan minti 15 sai a duba katin tare: layi ɗaya na nufin ba a ga cutar ba, layi biyu na nufin an gan ta. Sakamakon yana zuwa ta manhaja ko imel, ɗauke da suna da ranar haihuwa da lokacin gwajin.

Irin wannan gwajin gaggawa yana neman furotin ne na jikin ƙwayar cutar, saɓanin gwajin PCR da ke ninka ƙwayoyin gadonta a cikin na'ura har sai an iya gano su. PCR ya fi kaifi, yana iya kama cutar tun tana kaɗan, har ma yakan ci gaba da nuna ta makonni bayan mutum ya warke. Gwajin gaggawa kuwa yakan tsallake wanda cutar ba ta yi yawa a hancinsa ba.

Ke nan kiran bidiyon bai ƙara wa gwajin ƙarfi ba ko kaɗan. Abin da matafiyi ke saye da kuɗinsa shi ne mai shaida. Katin da aka yi a ɗaki ba tare da kowa ba yana iya zama na wani, ko na makon jiya. Wanda aka yi a gaban mai sa ido yana da suna da lokaci. Ita ma shaidar tana da iyaka, domin mai kallo ta waya ba zai iya sanin ko audugar ta shiga yadda ya kamata ba.

Matsayin Najeriya

Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa a ranar 23 ga Maris 2020, ta sake buɗe na Legas da Abuja a ranar 5 ga Satumba. Filin jirgin Malam Aminu Kano sai a watan Afrilun 2021 ya dawo aiki ga jiragen waje. Kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Boss Mustapha ya tsaya a kan PCR kaɗai: mai shigowa zai yi shi kafin ya taso, ya yi rajista a shafin gwamnati na matafiya, ya biya kuɗin maimaita gwajin a rana ta bakwai bayan isowa. A Legas farashin gwajin a ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu ya kai naira 50,400, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000.

Wannan tsada ta buɗe ƙofa ga 'yan damfara. A farkon 2021 gwamnatin Jihar Legas ta koka kan masu sayar wa matafiya takardun sakamako na jabu, kuma a daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya ta dakatar da fasfo 100 na tsawon wata shida saboda masu su sun ƙi yin gwajin bayan isowa. Rashin yarda da takardun Najeriya ya fito fili a rikicin Emirates. A Fabrairun 2021 kamfanin ya nemi fasinjojin da ke tashi daga Najeriya su ƙara gwajin gaggawa 'yan sa'o'i kafin tashi, bayan PCR ɗin da suka riga suka biya. Gwamnati, ta bakin ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika, ta ce ba ta yarda ba. An dakatar da kamfanin a watan Maris, bai dawo ba sai farkon Disamba. 'Yan kasuwar Kano da sauran garuruwan arewa masu saro kaya a Dubai suka sha wahala a tsakani.

Matsalar da kiran bidiyo ya zo warwarewa a Amurka, wato wa zai tsaya wa takarda, ita ce dai matsalar da ta hana jirage tashi daga Legas da Abuja. Sai dai ƙasashen da 'yan arewa suka fi zuwa ba su nemi maganinta ta wannan hanya ba.

Arewacin Zamfara

Ga mutumin Katuru ko Zurmi, tafiya a jirgi galibi tafiyar ibada ce. Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba a 2020 da 2021, ta kuma dakatar da jirage daga Najeriya a Disamba 2021 saboda Omicron har zuwa Maris 2022. Da aka buɗe Hajjin 2022 ga mutum miliyan ɗaya, Najeriya ta samu kujeru 43,008. Sharuɗɗan su ne shekarun maniyyaci su gaza 65, ya kammala allurar rigakafi, ya kuma kawo sakamakon PCR na cikin awa 72 kafin tashi. Babu maganar gwajin gida. Alhazan Zamfara daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato suka saba tashi, kuma wa'adin awa 72 yana da wuyar sha'ani ga jigilar alhazai: idan jirgi ya yi jinkirin kwana biyu ko uku, abin da ba baƙo ba ne a sansanonin alhazai, sakamakon ya mutu, sai a sake.

Ko da a ce an karɓi gwajin bidiyo, sai an sami intanet da zai riƙe kira na kusan rabin awa ba yankewa. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layuka a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. An maido da su a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A watannin da matafiya a wasu ƙasashe ke yin gwaji daga kan gadonsu, mutumin Shinkafi ko kiran ɗan'uwansa ba ya iya yi sai ya fita daga yankin.

Ga kuma batun kuɗi. A Amurka ake sayen kayan, da dala, a daidai lokacin da bankunan Najeriya suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 100 a wata, daga baya wasu suka mai da shi dala 20. Kayan gwajin ma ba sa son zafi: an tsara a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a bazara zafin yankin yakan haura 40.

Waɗanda suka yi amfani da tsarin a Najeriya galibi mazauna Amurka ne da suka zo ganin gida da kwalin a cikin jakarsu. Su ɗin ma, idan danginsu na arewa ne, wa'adin kwana ɗaya bai ba su damar yin gwajin a gidan iyayensu ba. Daga Shinkafi sai an bi ta Ƙaura Namoda zuwa Gusau, daga can a kama hanyar Abuja ko Kano, wani lokaci har Legas inda jirgin Delta ke tashi. A ɗakin otal kusa da filin jirgi ake buɗe kwalin.

Janye dokokin

Najeriya ta cire sharaɗin gwaji kafin tasowa ga masu cikakken rigakafi daga 4 ga Afrilu 2022, ta soke sauran a Disamban shekarar. Amurka ta janye nata a ranar 12 ga Yuni 2022. Ta dawo da shi na ɗan lokaci ga masu tasowa daga Sin, daga 5 ga Janairu zuwa 10 ga Maris 2023, kuma a wannan karon ma ta karɓi gwajin gida mai sa ido ta bidiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa kan cutar a ranar 5 ga Mayu 2023. Ga maniyyaci daga Zamfara, cikin takardun lafiyar da ake nema akwai wadda aka saba tun kafin korona, wato katin rigakafin sanƙarau da shawara da shan inna, wanda ma'aikacin lafiya ke sa wa hannu da hatimi bayan ya ga mutum ido da ido.